Awon Wutar Lantarki: Bolt da Amfiya da Wat

Darasi domin magidanta da masu sana'a na ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Ko wace haja da ke kasuwa tana da ma'auninta. Gero da dawa da tiya a ke auna su, yadi da kamu, mai da kwalba, kuma babu mai hankalin da zai miƙa kuɗinsa bai ga an auna masa ba. Amma akwai wata haja da ta shiga gidaje da shaguna da makarantu, ana biyan kuɗinta kullum, ga shi kuwa galibin masu sayenta ba su san ma'auninta ba. Wannan haja ita ce wutar lantarki.

Bukatar wuta a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi ta ƙaru ƙwarai. A Dutsin-Ma, ban da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, an kafa Jami'ar Tarayya a 2011, ɗakunan haya suka yawaita, ko wane ɗaki da dutsen gugarsa da fankarsa da butar dafa ruwa. A Kurfi da garuruwan da ke kan hanyar Katsina kuwa, ga masu niƙa, ga masu walda, ga masu cajin wayar hannu, ga masu sayar da ruwan sanyi, duk abincinsu ya rataya ga lantarki. In aka yi kuskure asarar ba ƙarama ba ce. Ko famfon rijiya ya ƙone, ko shago ya kama da wuta da tsakar dare, ko kuwa a rasa rai. Da yawa daga cikin irin wannan asara, ɗan lissafin da yaron firamare zai iya yi ya isa ya hana ta.

MISALI DA RUWA

Lantarki ba a ganinsa da ido, sabo da haka malamai su kan kwatanta shi da ruwa a cikin tiyo. Mutanen wannan ƙasa kuwa sun san sha'anin ruwa, tun da ga madatsar Zobe a kan kogin Karaduwa, wadda aka gama a 1983 domin noman rani da ruwan sha. Ko wane mai lambu ya san abu uku game da ruwan da ke zuwa masa. Na farko shi ne ƙarfin da ke turo shi. Da za a ɗora tanki a bisa dutsen nan da garin Dutsin-Ma ya sami sunansa, a ɗora wani a kan katangar gida, lalle ruwan na bisa dutse zai fi fitowa da ƙarfi, ko da girman tankunan ɗaya ne. Na biyu shi ne yawan ruwan da ke wucewa, watau bokiti nawa ke cika a minti guda. Na uku shi ne faɗin tiyon da tsawonsa, gama siririn tiyo mai tsawo yana tauye ruwa, mai faɗi kuwa yana sakar masa hanya. Aikin da ruwa zai yi ya dogara ga na farko da na biyu a haɗe. Ƙarfi babu yawa ba ya cika kwami, yawa babu ƙarfi ba ya hawa tudu.

To, haka lantarki ya ke, sai dai ya bambanta da ruwa a wuri guda mai muhimmanci: ba ya gudu sai ya sami hanyar komawa inda ya fito. Shi ya sa ko wace na'ura waya biyu ke kai mata wuta, ta zuwa da ta komawa.

MA'AUNAI HUƊU

1. Bolt shi ne awon ƙarfin turi. Batirin tocila bolt 1.5 gare shi, na mota 12, wutar gida a Nijeriya kuwa 230, shi ya sa a ke ganin an rubuta 220 zuwa 240 a jikin kayan wuta. An samo sunan daga Alessandro Volta, mutumin Italiya, wanda ya ƙera batir na farko a 1800.

2. Amfiya shi ne awon yawan wutar da ke wucewa cikin waya a ko wace daƙiƙa. An sa masa sunan Ampere, wani masani na ƙasar Faransa, wanda ya rasu a 1836.

3. Om shi ne awon turjiya, watau yadda waya ko na'ura ke tauye wuta. Waya siririya ko mai tsawo ta fi mai kauri ko gajera turjiya. Sunan na Georg Ohm ne, Bajamushe, wanda ya bayyana dokar turjiya a 1827.

4. Wat shi ne awon aikin da wuta ke yi a ko wace daƙiƙa, ko haske ne, ko zafi, ko juya inji. An sa masa sunan James Watt, mutumin Sikotilan, gwanin injin tururi, wanda ya rasu a 1819. Wat 1,000 shi ne kilowat ɗaya, kilowat 1,000 kuma megawat ɗaya. Abin da masu injin niƙa ke kira ƙarfin doki ɗaya, wat 746 ke nan.

DOKOKI BIYU

Waɗannan ma'aunai ba zaman kansu su ke yi ba, a ɗaure su ke da juna da doka biyu.

Doka ta farko: Wat = Bolt × Amfiya. Wanda ya san biyu daga cikin ukun nan zai iya fid da na ukun. In ana neman amfiya, sai a raba wat gida bolt.

Doka ta biyu, watau dokar Ohm: Bolt = Amfiya × Om. In ana neman amfiya, sai a raba bolt gida om. In om a ke nema, a raba bolt gida amfiya.

Ga misali. A gindin dutsen guga an rubuta wat 1,000. In aka raba 1,000 gida 230 za a sami 4.3 da ɗan ɗori, watau amfiyar da ya ke ja ke nan. In kuma aka raba 230 gida wannan amfiya, za a sami wajen 53, turjiyarsa ke nan da om.

Daga dokokin nan biyu wata magana ta fito wadda ya kamata kowa ya haddace. Zafin da waya ke yi ba ya bin amfiya taki da taki, tsalle ya ke yi. In amfiya ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. In ta ninka uku, zafi ya ninka tara.

NAUYIN DA WAYA KE IYA ƊAUKA

Waya kamar jaki ta ke, tana da iyakar kayan da za ta ɗauka, kayanta kuwa amfiya ne. Filogi mai ƙafa uku masu kusurwa, irin na Ingila wanda a ke amfani da shi a nan, yana da fis a ciki, mafi girmansa kuwa na amfiya 13 ne. In aka buga 230 sau 13 za a sami wat 2,990. Iyakar abin da filogi guda zai ɗauka ke nan.

A ce ɗalibai uku suna haya a ɗaki guda a Dutsin-Ma, soket ɗaya ne a ɗakin, suka jona masa doguwar waya mai bakuna da yawa. Da safe wannan ya sa butar dafa ruwa mai wat 2,000, ta ja amfiya 8.7. Wancan ya sa dutsen guga, ya ja 4.3. An kai 13 ke nan cif, babu sauran wuri. Sai na ukun ya sa murhun lantarki mai wat 1,500, ya ƙara 6.5. Jimla amfiya 19.5, watau iyakar da rabinta, zafin wayar kuwa ya wuce ninki biyu na abin da aka yi ta domin shi.

In fis na nan lafiya, nauyi kuma ya yi yawa ƙwarai, sai ya narke, wuta ta yanke, asarar ba ta wuce kuɗin fis ba. Aikinsa ke nan, ya mutu domin gida ya tsira. Amma sau da yawa sai a ga wani ya ɗaure gurbin fis da zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin taba, ko ya cire filogin ɗungum ya cusa tsirarun wayoyi a soket ya tokare da tsinken ashana. A nan babu sauran mai gadi. Robar waya ta yi laushi, ta narke, wayoyin biyu su haɗu, tartsatsi ya faɗa a katifa ko labule. Da hunturu kuwa, lokacin da kowa ke dafa ruwan wanka, kome kuma ya bushe ƙayau, ba a minti nawa sai a ji ana kururuwar gobara.

Sabo da haka masu aikin wuta na ƙwarai su kan sa waya mai lamba 1.5 ga fitilu, mai lamba 2.5 ga soket, su kan kuma ja wa manyan kaya layinsu dabam. Mai gida ya tabbata wayar ta jan ƙarfe ce tsantsa, kaurinta kuma ya cika, gama arha a nan ba ta ado.

Haka kuma a duba lambar bolt a jikin kayan gwanjo. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce. In aka jona butar da aka yi domin can a wutar 230, bolt ya kusa ninka biyu, amfiya ma haka, zafi ya kusa ninka huɗu, nan take ta ƙone.

ABIN DA YA SA WUTA KE ZUWA DA DUBBAN BOLT

Wutar da ke zuwa wannan ƙasa tafiyayya ce. Wata daga madatsun ruwa ta ke, kamar Kainji da aka gama a 1968 da Shiroro da aka gama a 1990, wata kuma daga tashoshin da ke aiki da iskar gas. Manyan layuka suna ɗauke da ita a kan bolt 330,000, a sauke ta zuwa 132,000, sa'an nan 33,000 ko 11,000, kana taransifomar unguwa ta sauke ta zuwa 230 na gida. Tun 2013 kamfanin KEDCO ke raba ta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, ko da ya ke bakin jama'a bai bar cewa Nepa ba, sunan tsohuwar hukumar da aka kafa a 1972.

Doka ta farko ita ta bayyana dalilin wannan hawa da sauka. A ce unguwa tana bukatar kilowat 100. In a kan bolt 230 za a kawo mata daga nesa, sai waya ta ɗauki amfiya 435. In a kan 33,000 ne, amfiya 3 ta isa. Tun da zafi tsalle ya ke yi, abin da zai salwanta a hanya ya ragu fiye da sau dubu ashirin a waya iri ɗaya. Layukan kamfani uku-uku su ke tafiya, lissafinsu yana da ɗan ƙari, amma ma'anar ɗaya ce. Taransifoma ba ta ƙirƙirar wat ko ɗaya, canji kawai ta ke yi, ta rage bolt ta ƙara amfiya, ko ta ƙara bolt ta rage amfiya.

IN WUTA TA ZO DA RAUNI

Kowa ya san daren da ƙwan lantarki ke yin ja kamar garwashi, fanka na juyi da kyar. Bolt ne ya faɗi, ko don gidaje sun yi wa taransifoma yawa, ko don layi ya yi tsawo wayarsa kuma siririya, ko don masu jona wuta ta ɓarauniyar hanya. Mutane da yawa suna zaton wuta mai rauni ba ta ɓarna. Ashe ba haka ba ne, ya danganta ga irin na'urar.

Kayan zafi ba sa cutuwa. In bolt ya faɗi zuwa 160, dutsen gugan nan mai om 53 zai ja amfiya 3 kawai, ya ba da wat 480, ƙasa da rabin aikinsa. Guga dai ba za ta yi kyau ba, shi ke nan.

Amma abin da ke da moto a ciki, kamar famfon rijiyar burtsatse da firiji da injin niƙa na lantarki, halinsa dabam ne. Nauyin da ke kansa bai ragu ba, ruwan da zai ɗago daga ƙasa yana nan yadda ya ke, sabo da haka in bolt ya ragu sai ya jawo ƙarin amfiya ya cike giɓin. A ce wani mai sayar da ruwa a Kurfi yana da famfo mai ƙarfin doki ɗaya. A lissafi mai sauƙi, 746 gida 230 amfiya 3.2 ke nan, 746 gida 160 kuwa 4.7. Ƙarin bai kai rabi ba, amma zafin da ke cikin naɗin wayarsa ya ninka biyu. In aka bar shi haka sai naɗin ya ƙone, a ciro famfo daga rijiya, a biya mai naɗi, unguwa ta kwana biyu ba ruwa. Dabara ita ce a kashe duk abin da ke da moto da zarar an ga wuta ta yi rauni, ko kuwa a sa masa sitabilaiza wadda girmanta ya dace da shi. A sani kuma, sitabilaiza 'yar taransifoma ce. In ta ɗaga bolt, ƙarin amfiya ta ke ja daga layi, sabo da haka wayar da ke kai mata wuta sai ta zama mai kauri.

ABIN DA MITA KE ƘIRGAWA

Mita ba bolt ta ke sayarwa ba, ba kuma amfiya ba. Wat ta ke bugawa sau awa. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Dutsen guga ya kan cinye shi a awa guda, ƙwai mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100.

Fanka mai wat 75 in ta yi awa 8 kullum, a kwana 30 ta ci yunit 18. Gida mai tsofaffin ƙwayaye biyar masu wat 60, ana kunna su awa 6 kullum, a wata zai ci yunit 54. In aka musanya su da sababbin nan farare masu wat 9, waɗanda haskensu ya yi daidai da na tsofaffin, yunit 8 da ɗan ɗori zai ci. Mai gida ya buga ragin nan sau kuɗin yunit da ke kan takardarsa, zai ga abin da ya rage masa a aljihu.

BATIR DA SOLA DA JANARETA

Dokar ba ta sakewa don wutar ba ta kamfani ba ce. Batirin da aka rubuta masa bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe da wat-awa 1,200, watau yunit ɗaya da ɗan ƙari. In na darma ne, rabi kawai ya kamata a sha in ana so ya daɗe. Kayan da ke cin wat 300 suna jan amfiya 1.3 a wutar gida, amma a gefen batir, 300 gida 12, amfiya 25 ke nan. Shi ya sa wayar da ke tsakanin batir da inbata ta ke zama gajera mai kauri, da fis nata.

Janareta kuwa, in an rubuta masa kVA, sai a ɗauki kashi takwas cikin goma. Mai 2.5 wajen wat 2,000 zai ba da. Moto kuma ya kan ja ninkin amfiyarsa sau da dama a lokacin tashi, don haka a bar masa sarari.

YADDA A KE AWO

Masu gyara suna da 'yar mita ta hannu mai tsinke biyu, ja da baƙi. In bolt za a auna, ana taɓa tsinken a wayar zuwa da ta komawa, wuta na kunne. In amfiya ce, dole wutar ta ratsa cikin mitar, kamar yadda ba a sanin yawan ruwa sai ya bi ta ma'auni. Wanda ya saita mita a kan amfiya ya cusa ta a soket, ya haɗa waya biyu ke nan kai tsaye, mitar za ta yi bindiga a hannunsa. Mafi sauƙi ita ce mita mai baki kamar awartaki, wadda a ke maƙala wa waya ba tare da an yanke ta ba. Waya ɗaya tak a ke kamawa, gama in aka haɗa ta zuwa da ta komawa sai su soke juna, mita ta nuna sifiri. Om kuwa ba a auna shi sai an kashe wuta an cire na'urar daga soket.

JIKIN ƊAN ADAM

Jiki ma hanya ne ga lantarki, ƙasa kuwa hanyar komawa ce. Busasshiyar fata tana da turjiya mai yawa, amma in jiki ya jiƙe da ruwa ko gumi, turjiyar ta kan sauko zuwa wajen om 1,000. In aka raba 230 gida 1,000 za a sami kusan rubu'in amfiya. Abin da ya wuce kashi 3 cikin 100 na amfiya ɗaya kuwa yana iya rikita bugun zuciya in ya daɗe yana ratsa ƙirji. Ashe ke nan wutar da ba ta isa ta ɗumama dutsen guga ba ta isa ta kashe ƙato. Kada a taɓa bokiti hita na ciki a kunne. Kada a taɓa makunni da jiƙaƙƙen hannu ko ƙafa ba takalmi. In wuta ta kama mutum, a kashe ta daga tushe, ko a ture shi da busasshen icce, kada a kama shi da hannu. In wayar kamfani ta faɗo, a nisance ta, a kore yara da dabbobi, a sanar da ofishin wuta mafi kusa.

TAMBAYOYI

1. Hita mai wat 1,150 amfiya nawa za ta ja a wutar gida?
2. Mai cajin waya yana da caja 40, ko wace wat 10, yana aiki awa 10. Yunit nawa ya ci?
3. Farantin sola yana ba da bolt 18 da amfiya 5. Wat nawa ke nan?
4. Firiji mai wat 150, da fanka biyu masu wat 75, da dutsen guga mai 1,000, da buta mai 2,000, ko filogi guda mai fis 13 zai ɗauke su?

Amsoshi: (1) Amfiya 5. (2) Yunit 4. (3) Wat 90. (4) A'a, jimlarsu wat 3,300 ce, watau amfiya 14.3.

Ana roƙon ko wane mai gida da mai shago ya zagaya ya karanta lambar wat da ke jikin kayansa, ya rubuta, ya tara na ko wane soket, ya raba gida 230. In ya ga ta wuce 13, ya rage kaya, ko ya kira ƙwararren mai aikin wuta ya ja masa wani layi. Malaman makaranta su yi wa almajiransu wannan lissafi a allo. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa maƙwabcinsa wanda bai iya ba, gama in gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai kowa ya shafa wa nasa ruwa.